Ɗigo Uku a Bakin Murfi

Jawabin Demyan Bilik a taron kwana arba'in na Miron Savich Kolodiy, a ɗakin cin abinci na masana'antar gwangwani

Fada Ilarion, da ka tsaya da mu a bakin kabari tun safe, sannu da ƙoƙari. Shugabar gari, Larisa Petrivna, mun ga zuwanki, mun gode. Darakta Arkadi Lvovich, wakilin masu kamfani, kai ma na gaishe ka, na gaida furannin da ka kawo, waɗanda sai da mutum biyu suka ɗauko su. Gyara zama, zan dawo kanka. Dattawan sashen ƙira, abokan aiki, maƙwabta, sannunku. Goggo Halya matar marigayi, Solomiya 'yarsa, ku ne ƙarshe a jerin gaisuwa, amma saboda ku muka taru.

Sunana Demyan, mai walda ne ni. A ɗakin nan akwai mutum talatin da suka fi ni cancantar tsayawa a nan, na kuma faɗa wa Goggo Halya haka. Ta dube ni ta ce, "Kai za ka yi magana, Demyan, tunda kai ka fara." Waɗanda suka san abin da take nufi ga su can sun sunkuyar da kai. Waɗanda ba su sani ba za su ji yanzu, don ban zo in wanke kaina ba.

Ga hotonsa can, ga kofi a gabansa da yankan burodi a kai. Yau kwana arba'in. Kakanninmu sun ce yau ne rai yake gama zagayen wuraren da ya sani, ya yi sallama, ya tafi. Tun safe tambaya ɗaya take cina: mutumin nan zai iya tafiya kuwa?

Ya kasance maƙerin ƙarfen bugu shekara arba'in da ɗaya. Ga wanda bai taɓa shiga sashenmu ba, ƙarfen bugu shi ne wanda inji yake saukewa a kan farantin kwano ya fitar da murfin gwangwani. In ya kauce da kaurin gashi ɗaya, iska ta shiga, nama ya ruɓe, wani ya ci ya mutu a garin da ba ka taɓa ji ba. Miron Savich ba ya kaucewa.

Ya kasance mai sa alama a aikinsa. Duk ƙarfen da ya fito daga hannunsa yana barin ɗigo uku ƙanana a bakin murfi, ido ba ya ganinsu sai dai babban yatsa ya ji. Shi ya sa duk ɗan masana'antar nan, in ya ɗauki gwangwani a kanti, sai ya shafa bakinsa kafin ya duba kuɗi. Matanmu suna mana dariya a kan haka. Fada ya taɓa tambayarsa ko Triniti Mai Tsarki yake nufi da ɗigon. Ya ce, "A'a, Fada, Halya ce, da Solomiya, da karena. Ni ban samu wuri ba."

Ya kasance mai tsokana. Ni dai ban gama makaranta ba, sun kore ni saboda baki, abin da na sani a littattafan da ɗakin karatu ya zubar na tsince shi. In ya gan ni da littafi lokacin hutu sai ya ɗaga murya, "Ku yi shiru, Farfesa yana nazari! Farfesa, littafin ya gaya maka waldar da ka yi jiya tana yoyo?" In ce, "Kawu Miron, kai fa ƙarfe kawai ka sani." Ya ce, "Ƙarfe bai taɓa yi mini ƙarya ba, ɗan banza."

Shekara goma da suka wuce masu kamfani, mutanen ƙasar waje, suka buɗe wata masana'anta a Rasha. Suka tura shi wata takwas ya kafa musu injuna, ya koya wa yaransu aiki, ya ƙera musu ƙarfe mai lamba bakwai. Ya dawo yana alfahari. Yana ba mu labarin wani Tolik da ya koya wa riƙe ma'auni, wanda uwarsa take aiko masa da kabeji mai tsami a kwalba. A lokacin babu wanda ya ga laifi a ciki. Mu ma mun tafa masa.

Sai yaƙi ya zo. Kun san sojojin Rasha sun zauna wata guda a ƙauyen da Solomiya take aure, hayin kogin Desna. Kun san a gidanta suka sauka. Kun san mijinta Ilko ya fita ba shanu ruwa bai dawo ba, maƙwabta suka binne shi a gindin tuffa cikin sauri. Da suka janye a farkon Afrilu, mu takwas muka ɗauki motar masana'anta muka je taya su kwashe ɓarna da tono Ilko a kai shi maƙabarta.

A tsakar gidan, kusa da rijiya, akwai tsibin gwangwanayen nama da suka ci suka zubar. Ya kai gwiwata. Na sunkuya na ɗauki murfi ɗaya. Ban yi niyyar komai ba, yatsana ne ya yi abin da ya saba.

Ɗigo uku.

Na ɗauki wani. Ɗigo uku. Na ɗauki na uku. Sai na juya, Solomiya tana tsaye, Ilko yana kwance cikin bargo bai fi taku goma ba, na miƙa wa tsohon nan murfin na ce, "Miron Savich, ga hannunka. Kai ka rufe musu abincin da suka ci suka ƙoshi kafin su harbe surukinka."

Haka na faɗa. Da wannan bakin. Solomiya, ban taɓa roƙonki gafara ba, don ban ga fuskar da zan roƙa da ita ba. Yau na roƙa a gaban mutane.

Bai mare ni ba, da ma ya mara. Ya karɓi murfin, ya shafa, ya daɗe yana shafawa. Sai ya je mota ya ɗauko buhun dankali, ya durƙusa, ya dinga tsince su ɗaya bayan ɗaya har rana ta karkata. Ɗari uku da goma sha biyu. Ya kai gida ya wanke su da sabulu, ya shanya a kan igiyar Goggo Halya.

Bayan kwana huɗu ya same ni a wurin walda. Na zaci dukan da na ci bashi ne ya iso. Ya ce, "Farfesa, tunda bakinka ya iya yanka, bari mu gani ko ya iya ɗinki. Zo ka rubuta mini wasiƙa da yaren masu kamfani."

Wasiƙar ba ta da tsawo, na haddace ta. "Ƙarfe mai lamba bakwai ni na ƙera shi. Ga abin da yake yi yanzu. Ku tsayar da shi. Ku dawo mini da shi, ko ku narka shi ku aiko mini da hoto." Ya sa murfi ɗaya a cikin ambulan. Na ce, "Kawu, bari in ƙara musu zagi kaɗan, na iya masu kyau." Ya ce, "Murfin ya isa."

Ya kasance yana zuwa gidan waya duk Litinin. Ko ana jiniya, ko babu wuta, ko ƙanƙara ta rufe hanya. Wasiƙa ɗaya, murfi ɗaya.

Sau ɗaya suka amsa. Takarda mai santsi, da sa hannun wani da ba ya cikin ɗakin nan. Wai suna bibiyar lamarin cikin matuƙar damuwa. Wai abinci ba makami ba ne. Wai suna da ma'aikata ɗari shida a can da ba su da laifi, kuma in sun fita gwamnati za ta ƙwace masana'antar ta ci gaba da aiki da ita. Ni na karanta littafin ɗa'ar kamfanin nan, shafi arba'in da takwas, da ƙamus a waya, kalma bayan kalma. Kalmar mutunci ta fito sau goma sha tara. Na nemi inda aka ce a tsayar da inji in ya fara ciyar da masu kashe ma'aikatanka, ban gani ba. Wataƙila yana shafi na arba'in da tara.

Amma bari in yi masa adalci, shi bai yi fushi irin nawa ba. Ya riƙe takardar ya ce, "Ɗari shidan nan gaskiya ne, Farfesa. Na san sunan 'ya'yan wasunsu. In ƙwacewa za a yi, a ƙwace, ɓarawo ya ɗauki zunubinsa. Amma kar a ce mini da yardarmu ake yi." Sai ya ninke ta, ya ce in kawo ambulan.

Mu kuma fa? Kar mu yi wa kanmu ƙarya a gaban hotonsa. Wasu kamfanoni sun tattara sun fito daga Rasha, namu ya zauna, mu ma muka zauna. Mun ji tsoro kar a rufe tamu masana'antar. A ɗakin nan, a teburin can na kusa da taga, an ce tsohon ya zare. An ce zai jawo mana kora. Da ya shigo sai a canza hira. Ni ma akwai Litinin uku da na ɓuya masa.

Da bazara Darakta ya kira shi ofis ya ce albishir, an tsayar da injin can Rasha, an sanar a jarida. Miron Savich ya ce, "Madalla. To ina ƙarfen?" Aka ce maganar tana hannun hedikwata. Ya ce, "To sai Litinin."

Ranar Litinin ya faɗi, a tashar bas, zuciya ta tsaya. Da asibiti suka dawo wa Goggo Halya da kwat ɗinsa, wasiƙa ta saba'in da ɗaya tana aljihu. Ga ta nan.

Saura abu ɗaya, kuma da izinin Goggo Halya zan faɗa. Ran kwana tara da rasuwarsa saƙon murya ya shigo wayarta daga Rasha. Tolik ne. Yana kuka, kuka na gaske, ban ce ƙarya yake ba. Ya ce, "Goggo Halya, ba mu taɓa ganin maƙeri irinsa ba. Ƙarfensa shekara goma bai ɓata murfi ko ɗaya ba. Har yanzu yana aiki, saurara ki ji." Sai ya kai wayar kusa da injin.

Yabo yake yi. A sana'armu babu yabon da ya wuce a ce aikin mutum ya fi shi daɗewa. Yaron nan ya ɗauka ta'aziyya ya yi mata.

Ta zauna a kicin ta saurari minti guda cur. Dum, tak. Dum, tak. Dattawan sashen ƙira, kun san wannan sautin, kun san yadda yake saita inji ya ɗan ja numfashi kafin ya sauka. Mijinta yana ƙarƙashin ƙasa, hannunsa yana can hayin iyaka yana rufe wa soja abinci. Tun ranar da ta kunna mini shi nake jin sa. Ina walda ina jin sa. Ɗazu Fada yana addu'a a bakin kabari ina jin sa. Yanzu da nake maganar nan, a kowane numfashi biyu nawa, murfi ɗaya ya faɗo da Halya da Solomiya da kare a bakinsa.

Arkadi Lvovich, na ce zan dawo kanka. Ban sani ba ko ƙarya ka yi masa, ko kai ma ƙaryar aka yi maka. Ka fi ni sani. Na ji kuna shirin manna allon tagulla da sunansa a ƙofar sashen ƙira. Goggo Halya ta ce in gaya maka ba ta so. Sunansa yana kan isassun ƙarafa.

Miƙo hannunka. A'a, ba sakatare ba, kai. Wannan ba ta bi ta gidan waya ba, ba za a ce ta ɓata a hanya ba. Mutum ɗari da wani abu sun ga ka karɓa. Shafa ambulan ɗin, za ka ji murfin a ciki. Ka kai musu da kanka.

Goggo Halya, buhun yana nan, saura ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Sashen ƙira sun rubuta sunayensu jiya, kowa da Litinin ɗinsa, ta jibi tawa ce. Solomiya, ba mu da abin da za mu mayar miki. Abin da muke iyawa ke nan, kuma mun makara.

Mun gode wa matan da suka dafa alkama da zuma tun asuba, mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Ku ɗauki cokulanku. In za ku sha, kar kofi ya taɓa kofi.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Miron. Ka sa ƙasa ta yi masa laushi, shi da Ilko. Ka yafe masa abin da hannunsa ya yi ba da saninsa ba, ka yafe mana abin da muka yi muna sane. Yau ranar tafiyarsa ce. In ya tsaya a bakin ƙofa yana sauraro, ya Ubangiji, ka toshe masa kunne, ka bar mana namu a buɗe har ranar da injin nan zai yi shiru.

A riƙa tunawa da shi har abada. Amin.