Dutsen Mai Masara

A bencin wani gareji a Dilimi, Pwajok ya zauna yana huci, gaban motarsa a lotse. Kusa da shi wani direba, Sabi'u, yana jiran bakanike.

"Malam, kai me ya kawo ka?"

"Birkin baya zan canza, a sa min na zamani. Na gaji da tare taya da dutse."

"Gara kai, kana da hankali! Jiya wani sakarai ya ajiye mota a gangaren Tina Junction. Ta gangaro da baya, ta murƙushe min fitilu. Kafin in fito daga shago, ya tsere!"

"Haba Oga, sakarai kuma? Tsautsayi ne."

"Tsautsayin me? Mutum ba shi da birki, ko dutse ya kasa sawa?"

"Wallahi ya sa! Ƙato ma! Mai gasa masarar nan ce ta zare shi ta gyara murhunta."

Pwajok ya juyo a hankali, ya leƙa bayan motar Sabi'u, ya ga shi ma a lotse.

"Malam, wa ya gaya maka akwai mai masara a wurin?"