Ranar da Inna Ta Miƙo Mini Taɓarya

'Yan'uwana mata na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu.

Kun san mun binne ɗanmu na fari, sikila ce ta ɗauke shi. Da na sake samun ciki, ya kai wata huɗu, likita a Gumel ya tura mu Kano a duba ko wannan ma yana da ita.

Aka kwantar da ni, aka goge mini ciki da magani, suna kallon yaron a na'ura. Sai ga allura doguwa siririya, aka soka mini a ciki, aka zuƙo ɗan ruwan mahaifa. Zafin bai kai tsoron ba. Likitar da ta yi aikin ta ja mana kunne, in kwanta kwana biyu, ban da aikin ƙarfi, don cikin na iya zubewa.

Tun a mota maigida ya ce kada Inna, mahaifiyarsa, ta ji. Wai za ta ce mun kai jikanta an tsire shi, kuma shi kunya ba za ta bar shi ya yi zancen ciki da uwarsa ba. Kunya! Namiji da gemunsa!

Washegari ya hau babur ya tafi kasuwar Maigatari abinsa. Inna ta gan ni kwance har hantsi, ta ce matan yanzu daga shiga mota sai jinya, ta zuba gero a turmi ta miƙo mini taɓarya. Na karɓa, wa ke musu da uwar miji? Ban yi nisa ba marata ta murɗa, na ji danshi a zanena.

Na durƙusa gindin turmi, raina a ɓace, na ce, "Yesu, ɗaya na ba ka ban yi gardama ba. Wannan kuma kunyar wani ce za ta raba ni da shi?" Nan take bakina ya buɗe, na zayyana wa Inna komai.

Ta dafe kai ta ce, "Shi ne kika karɓi taɓaryar, 'yar nan? Ni dodo ce?"

Ita ta nemo mota, ita ta rungume ni har asibiti, tana addu'a tana yi wa ɗanta faɗa ko da yake ba ya nan. Aka duba, zuciyar yaro na bugawa, ruwan ya tsaya. Bayan 'yan makonni sakamako ya fito, babu sikila. Halleluya!

Na haihu lafiya, ga yaron can a bayan Inna, sai zai sha nono take ba ni aronsa. Ku taya ni gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi, in kuma rai na cikin hatsari, ku buɗe baki ku yi magana.