Ruwan Batir Ya Cinye Rigar Amana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannunku da aiki. Ni ne Malam Sabo mai ɗinkin hannu, daga Badarawa.

Kun san halin unguwarmu da damina. Da iska ta kayar da falwaya, sai mu manta da wuta. Ni kuwa aikina na ido ne, shi ya sa na sayi batirin babbar mota na haɗa masa ƙwan fitila, in ya yi sanyi in kai caji.

Ranar Talata da la'asar iska ta yaye kwanon ɗakina, ruwa ya malale ƙasa. Maiɗakina ta ce, "Malam, ɗaga batirin nan kada ya jiƙe." Na sure shi a gigice, na ɗora kan akwatin katakon da nake ajiye kayan mutane. Ashe a karkace ya zauna, ruwansa yana tsiyaya ciki. Sai washegari na lura.

Babbar rigar maƙwabcina Alhaji Isa ce a sama. Ta marigayi mahaifinsa ce, ya kawo in gyara aikin wuyanta don ya sa ranar auren ɗansa. Ina ɗaga ta, ta rududduge a hannuna.

Da yadi ne da na saya. Wannan fa, a wace kasuwa zan same ta? Jiya a masallaci har cewa ya yi, "Kada ka yi gaggawa, na san tana hannu nagari."

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Alhaji kuma, na san ba ka fashin shirin nan. Abin da bakina ya kasa faɗa maka ke nan.