Safar Hannun Likita da Tsinin Allura

Mai girma shugaban taro, shugabar wannan asibiti, likitocin tiyata, ma'aikatan jinya, abokan aikina injiniyoyi, da sauran jama'a, ina yi muku sallama. Na gode da kuka ba ni wannan dama, na kuma gode da kuka bar ayyukanku kuka zo.

Da farko, ga dalilin aikin ƙera wannan sabuwar safar hannun likita. Yayata likitar tiyata ce. Shekara huɗu da suka wuce tana ɗinke cikin wani majiyyaci, allura ta zame ta huda safar hannunta, ta soke ta a yatsa. Ta canza safa, ta ƙarasa ɗinkin. Majiyyacin ya warke, ita kuwa gwaji ya nuna ta kamu da ciwon hantar da yake ɗauke da shi, ta yi wata takwas ba ta shiga ɗakin tiyata ba. Ni a lokacin rigar sulke nake ƙerawa. Da na je duba ta, ta ce, "Kai da kake tare harsashi, allura ce ta gagare ka?"

Na biyu, ga abin da muka yi. Safar farko da muka ƙera ta tare allura sarai. Yaya ta saka, ta yi ƙoƙarin ƙulla zare sau uku, ta cire ta miƙo mini. Ta ce, "Kai wa masu walda, za su yi maka godiya." A nan muka gane cewa likita da yatsa yake gani, kuma safar da ta kare yatsa ta kashe jinsa ta ceci likita ne ta jefa majiyyaci cikin haɗari. Sai muka tattara tsofaffin safuna dubu biyu, muka cika kowacce da ruwa, muka duba inda take yoyo. Yawancin hujin a babban yatsa da manuni yake, a hannun da ba ya riƙe allura. Can kaɗai muka shimfiɗa siririyar saƙa, sauran hannun muka bar shi yadda yake. Samfuri na goma sha ɗaya ne Yaya ta saka, ta rufe ido, ta gano silin gashi a ƙarƙashin takarda. Da shi take aiki yanzu.

Na uku, ga abin da ba mu iya ba. Cikin sukan allura goma safar tana tare takwas, biyu suna wucewa, wuƙar tiyata kuma har gobe tana yanka ta. Saboda haka roƙona guda ne: duk wanda allura ta soka, kada kunya ta sa ya ɓoye, kada sauri ya sa ya jefar da safar. Ya je gwaji a ranar, ya aiko mana da safar. Hujin da kuka ɓoye yau, ta nan allura za ta shiga hannun wani gobe.

Allah Ya kare hannuwan da suke yi mana aiki, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode da sauraro.