Yashi Ba Ya Sallama

A tashar Madarumfa, ana jiran motar Maraɗi ta cika, wani mai nuna bidiyo yana ba wani dattijo da ke kusa da shi labarin kaset ɗin da ke hannunsa.

"Baba, fim ɗin zane ne na mutanen Japan, amma har manya zama suke su kalla. Wani ninja ne, ba takobi ba sanda, sai yashi. In an kawo mashi sara, yashi ya miƙe ya tare. In ya dunƙule hannu, yashi ya haɗiye mutum."

"Ta ina yake fara kama mutumin?"

"Ta ƙafa. Ya hau gwiwa, ya kai ƙirji."

"Da ƙara?"

"Shiru kake ji. Har tele na bubbuga, na ɗauka sauti ne ya mutu."

"Telenka lafiya lau. Wanda ya zana wannan ya san yashi. Laka takan tsage ta yi maka gargaɗi, shi yashi ba ya sallama."

"Kai ma ka kalla ke nan?"

"Shekara talatin ina ginar rijiya. A garin Gabi mun haƙa wata har zurfin gaba tara, ina sama riƙe da igiya, ƙanena Tanko yana ciki yana mani tsiya wai na cika nawa. Bai ƙarasa maganar ba, yashi ya rufta mashi."

Mai bidiyo ya tura kaset cikin jaka. "Allah ya jiƙan shi. Ka yafe ni, Baba."

"Amin. Bar ɓoye shi. Yaushe za ka nuna? Ina so in ga mutum guda da yashi ke jin maganarshi."