Ranar da Na Ajiye Asabe a Tsakiyar Kogi

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Isa Almasihu, wanda ya tara mu yau duk da ba mu da yawa. Sunana Habu, masunci ne ni daga wani ƙauye a fadamar Auyo. Abin da zan faɗa muku, ni kaina ba na son tuna shi. Amma zan faɗa.

Ni da matata Kulu muna da 'ya, sunanta Asabe. Har ta shekara biyar ba ta yi magana ba. Ba kurma ba ce, don ko daka ake yi a maƙwabta sai ta toshe kunnuwa ta yi ta ƙara. Ba ta kallon idon mutum. Wuni take a gindin rumbu tana jera ƙwallon goriba, tana kaɗa jiki gaba da baya. Ka kawar da guda ɗaya, sai ta yi ta buga kai da ƙasa har jini. Wata rana ma ta shafe jikinta da kashinta.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙyamarta nake yi. 'Yar cikina! Moɗar da ta sha ruwa da ita, ba na sa bakina.

Baffana ya kai mu wurin wani boka. Tun daga ƙofar bukkarsa wari ya tare mu. Ya yanka baƙar kaza, ya gauraya jinin da ruɓaɓɓen hanjin kifi da toka, ya ɗura mata a baki. Ya tsattsaga mata kai da aska, ya turara ta da barkono. Wa ya riƙe mata ƙafafu tana shure-shure? Ni ne! Tir da ni!

A zuwa na uku ya ce, "Wannan ba 'yarku ba ce, 'yar ruwa ce. Tun tana ciki aka musanya muku. Ku kai ta bakin kogi, ku ajiye mata ƙwaryar fura, ku juya. Za ta rikiɗa maciji ta koma wurin danginta."

Kun san abin da na ji a raina? Sauƙi na ji, 'yan'uwa. Sauƙi! Wannan shi ne abin da ya fi komai ƙazanta a labarina.

Kulu ta ce, "Maigida, wata tara na ɗauke ta. Na san abin da na haifa."

Na ce, "Rufe mini baki."

A daminar nan ambaliya ta tare wani tsohon falke, Baba Tanko, ya sauka a zaurenmu. Ya taɓa zuwa can kudu inda manyan koguna biyu suka haɗu, a nan ya ji labarin Almasihu: yana taɓa kutare da hannunsa, yana kiran yara lokacin da manya ke korarsu. Shi kaɗai Asabe ke yarda ta zauna kusa da shi, don ba ya taɓa ta, goriba kawai yake miƙa mata. Ya ce da ni, "Habu, yarinyar nan ba ta yi wa kowa laifi ba. Ranar da abin ya fi ƙarfinka, ka kira Isa, yana ji." Dariya na yi masa.

Na jira Kulu ta tafi ciran ciyawa a gonar shinkafa. Da hantsi na sa Asabe a kwalekwale, na kai ta wani tudun rairayi a tsakiyar ruwa. Na ajiye furar. Ko kallona ba ta yi ba, ta tsugunna tana jera ɓawon dodon koɗi.

Na tuƙa na ɓuya a bayan ciyawa, wai ina so in ga rikiɗar da idona.

Na jira, na jira. Ruwa yana ta ƙaruwa, tudun yana ta raguwa. Babu maciji. Sai ƙaramar yarinya, ƙudaje na bin gyambon da aska ta bar mata a ka. Da ruwa ya kwashe abin da ta jera, sai ta ƙwalla ƙara. Wannan kukan ba na aljani ba ne. Kukan 'yata ne!

Nan take na kwara amai a cikin kwalekwalen. Na kife a kansa na ce, "Ya Isa Almasihu, ban san ka ba, amma an ce kana ji. Ni ne ƙazamin, ba ita ba. Ka cire mini wannan ƙyama, ka ba ni ƙarfi in isa wurinta!"

Ruwan yana jan jirgin baya, ni ina tuƙi kamar hannuwana za su ɓalle. Ko da na isa, ruwa ya kai mata ƙugu. Na sure ta. Ta gartsa mini cizo a kafaɗa, tsoro ya sa ta ɓata mini jiki kaca-kaca. 'Yan'uwa, ban ji ƙyama ba, ko kaɗan! Ƙara rungume ta na yi. Yabo ya tabbata ga Allah!

Da muka isa gida, Kulu ta riga ta dawo tana ta nema. Ta dubi yarinyar jiƙe sharkaf, ta dube ni, ta gane. Ta karɓe ta, ta tofar da yawu a gabana. Wata guda ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Baffana ya zo yana huci. "Ka dawo mana da masifa cikin gari!"

Na ce, "Baffa, 'yata na dawo da ita."

Daga ranar ya daina cin abinci da ni. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shiga gidanmu. Mutanen da da na bar ta ruwa ya cinye ta, da sun zo sun yi mini sannu da ƙoƙari! Bokan kuwa yana nan, har yau ana kai masa 'ya'yan mutane. Allah wadai!

Baba Tanko ne ya zaunar da mu, ni da Kulu, ya koya mana addu'a kafin hanya ta buɗe ya tafi.

Yau shekarun Asabe goma sha biyu. Kada ku ce na zo in gaya muku ta warke. Har yanzu ba ta magana, kuma akwai ranakun da daga ni har uwarta sai mu zauna mu yi kuka don gajiya. Wanda aka warkar ni ne. Ita kuwa, idan komar kamun kifina ta yage, ba wanda ya kai ta iya ƙulli. Sai ta zo ta jingina bayanta da nawa, ta yi ta gyara har ta gama.

Na gode wa Allah da bai bar ni na kashe 'yata ba. Na gode wa Almasihu da bai yi ƙyamata ba a ranar da na fi kowa wari. Duk wanda Allah ya ba shi irin wannan ɗa, kada ya saurari masu cewa ba mutum ba ne. Ya kai gajiyarsa wurin Isa, ya dogara gare shi.

Ga Asabe can a bakin ƙofa tare da uwarta. Kada ku taɓa ta, ba ta so. Ku dai matsa ku ba ta wuri ta zauna cikinmu. Amin.