Ranar da Injiniya Ta Ce Dogo Ya Sunkuya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban kamfani, manajojinmu, malamai, Hajiya mahaifiyar marigayiya, maigidanta da 'ya'yanta, abokan aiki, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Da yawun masu jan waya nake magana, mu masu hawa tsani da shiga silin. Marigayiya Injiniya ta fi mu matsayi nesa ba kusa ba, amma ta kasance mai cire takalmi ta zauna a ƙasa tare da mu. Ta kasance ba ta taɓa ce mana "ba za ku gane ba."

Bara waccan intanet ɗin wani asibiti da muke kula da shi ya koma rarrafe. Hoton ƙashi sai ya yi rabin awa bai isa gaban likita ba, alhali allon ofis mai auna cunkoson layi yana nuna hanya fayau. Manajanmu na lokacin ya ce wayar ce, kuma Dogo, babbanmu, shi ya ja ta. Aka rubuta masa takardar sallama, saura sa hannu.

Injiniya ta roƙi kwana biyu. Ta bar allon, ta shiga ɗakin manyan na'urori mai sanyin nan, ta ƙudundune da mayafi tana kallon 'yar fitilar na'ura, tana buga biro a gwiwa. Can ta ce, "Dogo, sunkuyo, tsawonka ba zai taimake mu a nan ba. Ƙirga da ni."

Duk daƙiƙa ɗaya fitilar sai ta haukace na ƙiftawar ido, ta lafa.

Ta ce, "Kwamfutocin kirki kunya gare su. In suka ga cunkoso sai su ja baya, su jira daƙiƙa guda. Wani mugu ya san lokacin dawowarsu, sai ya watso tarkacen saƙo daidai nan, su sake ja baya. Allon kuwa jimillar minti biyar yake nunawa, ina zai gan shi?"

Dogo ya ce, "Wato da kunyarsu ake cutarsu?"

"Kamar kai. An ce laifinka ne, ka ja baya ka yi tsit."

Ta raba wa kowane mai aiko saƙo layinsa, mai watsa tarkace ya cika nasa shi kaɗai. Kafin azahar hotuna suna isa. Da hannunta ta kai wa manaja abin da ta gani, ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta fito ba sai da takardar nan ta shiga kwandon shara.

Hajiya, kin haifa mana garkuwa. Ku 'ya'yanta, in aka ce muku mamanku ta iya kwamfuta, ku ce ta fi iya mutane.

Kun ga wayar can da yayan Injiniya yake kallonmu ta cikinta daga nesa? Dogo ne ya ja layinta da safen nan. Ya hana kowa taɓawa, ya gwada sau uku. Shi ya kamata ya tsaya nan, ya ce muryarsa ba za ta kai ba. Tun da muka zauna layin bai yanke ba.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Injiniya, Ya haskaka makwancinta, Ya tsaya wa 'ya'yanta yadda ta tsaya wa namu. Amin.